Ranar da gwamnati ta saurare ni

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini komai, da ranar da gwamnati ta zo har ƙauye ta zauna ta ba ni kunne, ni kuma na rasa abin da zan zuba a ciki.

A Malanville Metir ake kirana, laƙabin da ake yi wa lauyoyi da Faransanci, amma ni ba lauya ba ne. Shekara guda kacal na yi ina karatun shari'a a Parakou, mahaifina ya rasu, na tattara na dawo gida. Yanzu aikina bin takardun kayan 'yan kasuwa ne a wajen duwan, wato kwastan. Sai dai shekarar nan guda na riƙe ta gam. Duk inda aka dafa shayi sai na buɗe aji: gwamnati ma tana ƙarƙashin doka, ba ta da ikon taɓa abin mutum sai ta saurare shi, in ta yanke hukunci dole ta faɗi dalili, in ta wuce iyaka akwai alƙalin da zai dawo da ita. (Abokan shayina sun haddace, wani lokaci su suke ƙarasa mini jimlar.)

Ina da kawu, Kawu Idi, wan mahaifiyata. Tun yana saurayi ya ƙetaro daga Gaya ya kafa garka, wato lambun albasa, a wajen Madécali. Ƙasar wurin dutse ne a ƙarƙashi. Ya haƙa nan ya haƙa can yana cin karo da dutse, har Allah ya ba shi ruwa a wata kusurwa guda. Rijiyar nan ita ce garkar, ita ta ciyar da gidansa, kuma ni kaina da albasarta aka yi mini kayan tafiya jami'a.

Wata rana masu awo suka zo suka kafa turaku masu jan fenti. Za a fitar da sabuwar hanya ta kwaso shinkafa daga fadama, layin kuwa ya bi ta kan bakin rijiyar daidai. Ta gabas da ita akwai wani fili fako, ko ciyawa ba ta fita a kansa. Kawu ya hau kabu-kabu ya zo gidana da buhun albasa a baya.

"Kai da ka san bokonsu, ka hwaɗa musu su ɗan goce gabas," in ji shi. "Ba ni hana hanya. Rijiyar dai."

Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Dama an sanar a rediyo cewa wani kwamiti zai zo ya saurari ƙorafin jama'a kafin a tabbatar da layin, kuma duk ƙorafin da aka rubuta sai an sake duba wurin. Na ce wa Kawu ya je ya yi barcinsa, wannan fagena ne. Na kwashe kwanaki ina gwada jawabi a gaban matata har ta fara gudu kicin in ta ga na gyara murya. Na ari kwat, a tsakiyar bazara. Abu ɗaya ne ban yi ba, ban tambayi wanda ya mallaki fakon nan na gabas ba. Sai da safiyar ranar, muna kan babur, Kawu ya ambata kamar ba komai cewa na delege ne.

Delege shi ne shugaban ƙauyen, kuma ba baƙo ba ne a wurina. Aminin mahaifina ne, shi ya tsaya mini a matsayin uba ranar ɗaurin aurena. Duk da haka na ce wa kaina ai doka ba ta san amini ba.

A wani ajin lakol, wato makarantar boko, aka yi taron, manya suka matse a kan bencin yara. Shugabar kwamitin wata mata ce daga kudu, mai haƙuri, da Faransanci take magana, tafinta yana juyawa zuwa Dendi da Hausa. Delege ya fara tashi ya ce ƙauye yana maraba da hanya. Daga nan madam ta ce duk mai ƙorafi ya miƙe, don shi aka zo. Kawu ya zungure ni da gwiwar hannu.

Na miƙe, gumi ya riga ya jiƙa kwat ɗin aro. Na fara da gaisuwa kamar yadda aka tarbiyyantar da ni. Na gai da liman, na gai da dattawa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana amsawa. Da na zo kan delege sai baki ya kwace mini. Na kira shi ubanmu, inuwarmu, wanda in ya yi magana babu ɗan halas da zai ɗora wata a kai. Aka tafa. Tafin nan ya shiga kaina, sai na juya harshe zuwa Faransanci don madam ta san da wa take magana. Tafinta ya ga ba a bukatarsa, ya fita shan iska.

Na zuba musu karatu. Na gaya wa mutanen da suka yi doguwar tafiya don su saurare mu cewa wajibi ne hukuma ta saurari jama'a. Na yi musu bayanin iyakar iko, na ja musu kunne kan zalunci, har da ɗaga yatsa. Malaman lakol da suka leƙo ta taga suna ta rufe baki da hannu (ni a lokacin na ɗauka mamakin ilimina suke yi). Madam ta bar ni na gama tsaf, tana gyaɗa kai.

"Duk abin da ka faɗa gaskiya ne, shi ya sa muka zo," ta ce. "To, mene ne ƙorafinka a kan layin?"

Maganar ba ta fi numfashi guda ba. A matsar da hanya gabas, a bar rijiya. Na buɗe baki, sai idona ya faɗa kan delege. Yana zaune yana yi mini murmushi irin na uba. Yanzu-yanzu na gama shelar cewa babu ɗan halas da zai ɗora magana a kan tasa, sannan in ce a gaban jama'a a ɗauke hanya daga kan kawuna a jefa a filinsa? Na ji wata murya, tawa ce, tana cewa da Faransanci mai kyau: "Babu ƙorafi, madam. Muna goyon bayan ci gaba."

Ta dube ni ta saman tabarau. Baiwar Allah har sake tambayata ta yi ko na tabbata, na gyaɗa kai. Magatakarda ya rubuta. Daga taga dariyar da ake dannewa ta fashe, na zauna ina jin kamar a tsaga ƙasa in shige.

Abin da ya fi ci mini rai ba dariyar ba ce. Kawu ba ya jin Faransanci. Ya ga na ɗaga yatsa, ya ga madam tana gyaɗa kai, ya ga an rubuta. A hanyar dawowa ya tsayar da babur ya saya mini soyayyen kifi, yana ta gaya wa mai kifin cewa ɗan ƙanwarsa ya gama da su yau. Na ci kifin nan, kuma har gobe ina jin ƙayarsa a maƙogwarona.

Bayan 'yan kwanaki na lallaɓa ofishin da ke kula da aikin. Suka karɓe ni da mutunci, suka ce an ba kowa dama, wakilin Idi ya ce ba shi da ƙorafi, an tabbatar da layi. Ƙofar kotu a buɗe take in ina so. Amma me zan ce wa alƙali? Ba a saurare mu ba? An saurare mu har sau biyu.

Matata ce ta tilasta ni na je na gaya wa Kawu gaskiya kafin katafila ta gaya masa. Na same shi yana ban ruwa. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya daɗe yana kallon cikin rijiyar, sannan ya ce Allah ya sa haka ta fi alheri, ya ci gaba da jan guga.

An cike rijiyar da jar ƙasa. An ba shi diyya yadda doka ta ce, ya kashe ta wajen sake haƙa, ko'ina dutse. Da rani ya zagayo garkar ta bushe, ya kwashe kayansa ya koma Gaya wurin 'yarsa.

Watanni bayan haka na haɗu da delege a wata jana'iza. Ya ja ni gefe, fuskarsa babu murmushi.

"Ɗana, mi ya hana ka hwaɗi?" ya ce. "Hwakon ga ko akuya ba ta kiwo cikinai. Ni jira nike ka buɗe baki in ce na ba da."

Abin da na koya dai ba ya cikin littattafan shari'a: doka tana iya tilasta wa gwamnati ta zo ta zauna ta saurare ka, amma babu dokar da za ta buɗe maka baki. Yanzu in na shiga gaban hukuma bukata nake fara faɗa, gaisuwa ta biyo baya, har ana cewa Metir ya rage ladabi. Kawu kuwa bai sake shuka albasa ba.