Magajin Kufai da Kwatar Kakanninsa

Duk ƙasar Kaoje, har ka ƙetare iyaka ka shiga Binin, ba a yi mai kishin al'umma kamar Alhaji Jamaluddeen ba. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma babu wanda ya kai shi sanin Alhaji Jamaluddeen. Shekara goma sha ɗaya yana shugabancin Ƙungiyar Ci Gaban Tungar Ma'azu, ci gaban kuwa ya samu. Ga shi nan a ƙofar gidansa: soro mai tayil da ginshiƙai biyu, an dasa shi daram a kan hanyar da ruwan unguwa yake bi ya faɗa fadama.

Da ruwa ya rasa hanya, sai ya koma kwana a ɗakin Batulu mai bandar kifi, gwauruwar da ke maƙwabtaka da shi. Bara bango ɗaya ya faɗi. Saura uku, ga damina ta ƙarato. Sau huɗu tana durƙusa masa ya huda wa ruwa mafita. Ya ce mata ruwa na Allah ne, ta kai ƙara can.

Ambaliyar baran ce kuma ta zaftare gaɓar bayan gari, wasu tsoffin gine-gine suka leƙo. Masu bincike suka zo daga jami'a, shugabarsu wata Dakta Safina, suka duƙufa tono da 'yan cebura da burushi. Sai ga lunguna a miƙe, ga ɗakuna da daɓen tsingaro, ga rijiyoyi, ga kuma wata babbar kwata da aka jere da duwatsu aka rufe ta da fale-falen dutse.

A da, awakin Alhaji ne kaɗai suka san wurin. Cikin mako guda ya gano cewa kakanninsa ne suka gina birnin. Hujjarsa mai ƙarfi ce: lungunan suna da tsari, shi ma mutum ne mai tsari. Ya ɗinka sabuwar malum-malum, ya sayi sanda mai kan azurfa, ya naɗa kansa Magajin Birni. Mutanen gari suka gyara masa, suka ce Magajin Kufai. Yakan amsa rabin farko.

Kullum da hantsi yana bakin rami yana koya wa Dakta aikinta. Ɗakin da ya fi faɗi, na kakansa ne. Rijiyar da ta fi zurfi, kakarsa ce ta sa aka haƙa. Da aka tono muƙamuƙin jaki kuwa, bai ce na kowa ba ne.

Ranar da hakimi ya zo gani, tare da ɗan jaridar rediyo, Dakta ta yi bayani cewa kwatar ta nufi cikin gari, amma dole su tsaya nan, don akwai gidajen mutane. Alhaji ya runtse ido ɗaya ya auna. Kwatar ta saiti ɗakin Batulu sak, filin da ya daɗe yana hango wa motarsa rumfa. Ya karɓe makirufo.

"Ranka ya daɗe, tarihi ba shi jiran kowa. Duk inda kwatag ga ta kakannina ta bi, a tona! Ko ƙarƙashin gadon mutum ta shiga, a ɗaga gadon. Wanda duk ya hana, maƙiyin ci gaba ne. A kawo takarda in sa hannu."

Aka kawo, ya sa, har da zanen wutsiya. Batulu ta koma gida ta fara ɗaure tukwanenta.

An ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Aka bi kwata kwana tara. Saura taku uku ta taɓa bangon Batulu sai ta karkata hagu. Mutanen da suka gina ta ba su yi boko ba, amma sun san ruwa gangare yake bi. Ta gangara salin-alin, ta shige tsakanin ginshiƙan Alhaji biyu.

Nan take Magaji ya sake nazarin tarihi. Wannan reshen, in ji shi, ba aikin kakanninsa ba ne, bayi ne suka ƙara shi ba da izini ba. Sai dai takarda tana aljihun hakimi, rediyo kuma ta ji daɗin jawabin, tana maimaita shi safe da yamma, har masu kabu-kabu a tashar Bagudo sun haddace. Aka fasa tayil. Dakta ta rubuta a littafinta cewa ta nan ƙazamin ruwan birnin duka yake fita, na wanka da na wanke-wanke.

Ruwan farko da ya sauka, ya bi tsohuwar hanyarsa kamar wanda ya dawo daga doguwar tafiya. Ɗakin Batulu ko danshi bai yi ba. Ta kwance tukwanenta.

Da aka ɗauke ruwan, Alhaji ya fito, ya tattare malum-malum har gwiwa, yana lallaɓa katakon da aka gitta masa a ƙofar gida, ruwan unguwa yana wucewa ƙarƙashinsa da ɓawon albasa da kashin awaki. Batulu tana juya kifinta, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Barka da arziki, Magaji," in ji ta. "Wasu har kotu suke zuwa neman gado. Kai naka da gudu ya taho maka har gida."