Ƙunshin Zuwa Ofishin Fasfo

Ko zan manta komai a rayuwata, ba zan taɓa mantawa da ranar da na je Katsina yin fasfo ba. Har yau in na wuce gidan mai ƙunshi sai na dubi yatsuna.

Yayata, Hajiya Binta, a Abuja take aure. Ni kuwa ina Faskari, a aji ukku na firamare na tsaya, ɗiyata ɗaya, Ummi, shekararta huɗu. Bayan ƙaramar Sallah Yaya ta kira ni, ta ce in an yi hutun makaranta za su kai yara Kenya su ga namun daji, kuma tana so mu tafi tare, ni da Ummi. Na ce, "Yaya, a cikin keji suke?" Ta ce a'a, su a sake suke, mu ne za a zuba a mota. Na ce, "Allah ya kiyaye." Ummi kuwa da ta ji za ta ga raƙumin dawa, ba wanda ba ta faɗa wa ba, har awakinmu.

Da yake karatuna bai yi nisa ba, sai Yaya ta turo mini saƙon murya mai tsawo a waya. A yi mana allurar shawara a karɓo katinta. A tanadi maganin zazzaɓin cizon sauro. Kada in ɗauki kaya baƙi ko shuɗi, wai ƙudan tsando su yake bi, in nemi masu launin ƙasa. Takalmi mai rufe ƙafa, jaka mai taushi, kuma ban da leda ko guda, don ƙasar ba ta yarda da ita ba. Sai ta ce, "In zaki ya matso jikin mota, kada ki bari Ummi ta leƙa da kai..." Nan nike kashe wayar. Na saurari saƙon ya fi sau goma, kullum da an zo wajen zaki sai in kashe, in jawo Ummi in ɗora a cinya (ita tana ta mutsu-mutsu, wasanta take son komawa).

Amma duk abin da na ji, na yi. An yi mana allura, na ɓoye katin a ƙarƙashin katifa, ina duba shi safe da yamma kamar zai gudu. Na je kasuwar Yankara na sawo yadi ruwan ƙasa, tela yana tambayata, "Maman Ummi, aikin soja kika samu?" Na ɗinka 'yan jakunkunan ƙyalle na zuba yaji da kuka, tunda an hana leda. Har igiya na sa aka ɗinka a bayan rigar Ummi, wadda zan riƙe a cikin mota.

Saura fasfo. Yaya ta gaya mini a waya cewa za a ɗauki hoto, sannan in ɗora yatsu a kan na'ura. Na dubi hannuwana. Ɓarar masara, surfe, wanki, duk sun bar shaidarsu, ga kaushi ga tsagewa. Na ce yanzu wannan hannun zan miƙa wa ma'aikatan birni? Sai na nufi gidan maƙwabciyata Ladidi mai ƙunshi.

"Ladidi, hannun nan ƙasar waje za shi. Ki yi mini wanda ba ki taɓa yi wa kowa ba."

Ta kwaɓa lalle da gishirinsa, ta yi mini sau biyu, ta rufe kan kowane yatsa ciki da baya har ya yi baƙi ƙirin. Ta ɗaga hannuna tana kallo, ta ce, "Wanda duk ya gani sai ya tambayi wa ya yi." Ashe gaskiya ta faɗa.

Muka yi sammako, ni da Baban Ummi da Ummi. A ofishin layi ya miƙe har baranda, matan birni sai ƙamshi suke. Na ɓoye hannuna cikin hijabi, ina jiran lokacinsa. Aka ɗauki hoton Ummi, ita yarinya ba a buƙaci yatsunta ba, aka gama. Ma'aikaciyar, wata mai kaki da tabarau, ta ce, "Hajiya, ɗora yatsunki nan."

A hankali na fiddo su (Allah ya yafe mini, har ɗan juya su na yi don na baya su gani). Na ɗora. Jar wuta ta kama. Ta goge gilashin na'urar, na sake ɗorawa. Ja. Ta kama hannuna ta juya, ta zare tabarau.

"Amarya ce ke?"

"A'a, ga ɗiyata nan."

"To na'ura ba ta ganin komai. A wajenta ba ki da yatsu." Ta waiwaya ta kira abokin aikinta. "Malam, zo ka gani, kamar an tsoma su a kwalta."

Ya zo, ya gani. Na bayana suka leƙo, suka gani. Wata tsohuwa a layi ta ce, "Ƙunshi dai ya yi kyau, 'yar nan. Wa ya yi miki?" Baranda ta ɗauka da dariya, ni kuwa ina neman inda zan sa kaina.

Ma'aikaciyar ta ce, "Na yarinyar ya shiga. Ke ki dawo bayan sati ukku, in ya goge."

Ban ji sauran maganarta ba. Na Ummi ya shiga, nawa bai shiga ba, abin da ke ta yawo a kaina ke nan. Na zagaya bayan ofishin wajen famfo, na aiki Baban Ummi ya sawo lemun tsami da sabulu, na sami dutse na hau gurza. Yana tsaye yana cewa, "A hankali dai, ki rage musu fatar da za su ɗauka." Lallen Ladidi ko gezau.

A cikin motar komawa na kira Yaya. Ta ce, "Ba ki saurari saƙona ba?" Na rantse na saurara. Ta ce, "Har ƙarshe?" Na hau kame-kame. Ta yi dariya. "To in naki bai fito a kan lokaci ba, sai mu tafi da Ummi, ke ki bi mu da addu'a." Ita wasa take. Ni kuwa har na hango Ummi ta zura kai ta tagar mota, igiyar bayan rigarta tana reto ba mai riƙe da ita.

Na kunna saƙon, na cije, na bar shi ya wuce zaki. Maganar da ta biyo baya ita ce, "Sannan don Allah kada ki yi lalle kafin ki je fasfo." Duk motar sun ji. Direba ya dube ni ta madubi.

Sati ukkun nan ba wankin da ban yi ba a gidanmu. Na Inna, uwar mijina, na 'yan uwansa, har labulen da ba a taɓa saukewa ba. Inna tana gaya wa baƙi ba ta taɓa ganin suruka mai ladabi irina ba. Kullum da safe in fita tsakar gida in duba yatsuna a hasken rana, in ga ko zanen ya fara fitowa.

Ranar da na koma, hannuwana sun fi da muni, fari fat, duk sun yi saɓa. Ma'aikaciyar na ganina ta ce, "Amaryarmu ta dawo." Na ɗora yatsu ina karanta duk addu'ar da na iya. Koriyar wuta ta kama, sau ɗaya tak. Hannun da nike kunyar nunawa, shi na'urar take nema.

Fasfo ya fito saura kwana biyar tafiya. Mun je Kenya, mun ga zakin. Barci yake a gindin wata bishiya, ko kai bai ɗaga ba. Ummi ta ce wai ya yi hamma, ni dai wutsiyarsa kawai na gani, don idona yana kan igiya.

Tun daga lokacin, duk wanda ya turo mini saƙon murya sai na ji shi har ƙarshe, ko da kura ce a tsakiyarsa. Ladidi kuwa har yau tana gaya wa amare cewa ƙunshinta ya taɓa gagarar na'urar gwamnati, kuma kasuwarta sai ƙaruwa take.