Shirwar Kan Zauren Tasalla

A tsohon birnin dabbobi, duk gidan da ya tsufa akwai siffar tsuntsu ta laka a saman zaurensa. Kakanni suka gina, damina ta cinye wasu, sai majalisa ta kafa doka: siffofin nan kayan tarihi ne, ba jifa, ba taɓawa, ba kare su daga idon jama'a. Wanda ya saɓa a kore shi daga birni. Kowa ya ce madalla.

A gidan Tasalla, wata kaza mai 'yan tsaki, siffar shirwa ce, kuma ruwan bana ya zubar da ita. Wata safiya Tasalla ta fito shara, ta ɗaga kai, sai ga shirwa a gurbin, zaune tsaf, har da gashi. Ranar autanta ya ɓata. Ba a jima ba wani ya bi.

Ta kafa rumfar kara a ƙofar gida inda suke kiwo, ta tura sauran ciki, ta nufi majalisa. 'Yan majalisar kuwa daga mai ƙoƙo sai mai ƙaya sai mai ƙaho. Ba a taɓa surar kowa a zuriyarsu ba.

"Ranka ya daɗe," ta ce wa Kunkuru, Sarkin Gini, "abin da ke kan zaurena yana ƙifta ido."

"Aikin magabata ke nan, baiwar Allah. Maginan da ba sa wasa."

"Yana juya wuya, ranka ya daɗe. Na ga gashin ɗana a bakinsa."

Kunkuru ya gyara murya, ya fuskanci taro. "Ya ku jama'a, birnin da ya bari aka jefi tarihinsa, me zai nuna wa baƙi? Yau kaza ta ce shirwa na motsi, gobe ɓera ya ce mujiya na harararsa, jibi mu wayi gari soraye tsirara. Amma mu masu adalci ne, za a duba."

Aka tura Bushiya da Rago. Bushiya ta tsaya daga nesa, ta daɗe tana kallo.

"Duk birnin nan ban ga siffar da aka kula da ita kamar wannan ba. Dubi ƙiba, dubi sheƙi. Sannu da ƙoƙari, Tasalla. Sai dai rumfar nan ta kare ta daga masu wucewa."

"Don girman Allah ku bar min ita, yaya Bushiya. Ita kaɗai ce tsakanin 'ya'yana da sama."

"Ni ma uwa ce, 'yar'uwa. Amma doka ce."

Kafin azahar Rago ya tunkuɗe rumfar, ya kwashe karan ya tafi da shi.

Tasalla ta tattara 'ya'yan a ƙarƙashin fukafukanta, a fili fetal, tana karanta duk addu'ar da ta iya. Sun fara girma, fiffike bai ishe su ba, ƙafar ɗaya na waje. A saman zaure, kayan tarihi ya sunkuyo da kai.