Ranar Da Na Kai Wa Mai Zanen Meziko Farfesu

Ko da zan manta sunan kwantenar da na fara lodawa a kasuwar Deira, can ƙasar Larabawa, ba zan taɓa mantawa da ranar da na je dubiya gidan baje kolin zane ba. Ni ce fa, wadda ko yaran kargo suka hango mayafina sai sun gyara tsayuwa.

Jikata Ummi ce silar komai. Ta samu aiki a wani gidan da ake rataye zane mutane su biya kuɗi su kalla (wai aiki ne wannan), kuma lokacin gwaji take, bizarta na hannunsu. Idan na zo sayen abaya, a falat ɗinsu na Al Nahda nake sauka. Rannan ta matsa sai na je na ga wurin aikinta, suna nuna zanen wata mata 'yar Meziko.

Na shiga ina harare-harare. Duk bangon da na duba mace guda ce, gira a haɗe, furanni a ka, tana kallona ido cikin ido. Wannan kallon ya burge ni, irin nawa ne. Amma ga ta kwance a gadon asibiti, ga ta an ɗaure mata jiki da ƙarafa, hawaye na zuba.

"Ke 'yar nan, me ya same ta?"

"Hatsarin mota tun tana budurwa, Hajiya. Bayanta ya karye. Madubi aka sa mata a saman gado, tana kwance tana zana kanta. Daga baya har ƙafa aka yanke mata. Ranar buɗe baje kolinta ma a motar asibiti aka kawo ta, tana kwance a kan gadonta ta karɓi baƙi."

Aka kira Ummi ta ruga. Kowa na karanta ɗan rubutun da ke ƙasan zanen, ni kuwa ban yi boko ba. Abin da na ji shi na riƙe: an kawo ta a gado. Ke nan baiwar Allah tana ciki, ana karɓar kuɗi da ciwonta, babu wanda ya shigo da ko lemo guda.

Washegari na yi farfesun kaza, na dama kunun gyaɗa, na cika kula da fulas, na hau tasi ban gaya wa kowa ba. Mai gadi ya tare ni, wai abinci mamnu'u ne, an hana shiga da shi. Na ce masa, "Khalas! Wen marida?" wato ya isa haka, ina mara lafiyar? Na ture shi da kafaɗa. A tsakiyar falon, gaban Turawa da Larabawa, na dire kula na ɗaga murya da Hausa da ɗan Larabcin kasuwa: ina mara lafiyar, wane ɗaki aka ɓoye ta, wa ke jinyarta, ina shi ƙaton mijin da na gani a zane?

Sai ga Ummi da shugabarta, wata Balarabiya mai dogon takalmi.

"Hajiya, don Allah! Aikina!" Ummi ta riƙo hannuna. "Ta rasu fa. Tun ba a haife ki ba ta rasu."

Wallahi sai na ji ƙamshin farfesun ya cika wurin fiye da kima. Wani har ya ɗaga waya yana ɗaukata. Madam shugabar ta tambayi abin da ke faruwa, Ummi ta fassara mata, kanta a ƙasa. Na ga idon matar ya koma kan yarinyar, na san inda za a sauke laifin.

Na gyara mayafi na ce, "Faɗa mata ba ke kika aiko ni ba. Ki kuma faɗa mata a garinmu ba a kallon mai ciwo a wuce hannu rabbana. Duk cikinsu ni kaɗai na yarda ciwon nan gaskiya ne. Fassara, kar ki rage!"

Ta fassara. Madam ta daɗe tana kallona, ni ma ban ƙifta ba. Can ta tambaya ko miyar da yaji. A ofishinta aka cinye ta, har da mai gadin.

Ummi na nan a aikinta, amma ta hana ni taka ƙofar wurin. Ban ba kowa haƙuri ba, ba kuma zan bayar ba. Abin da kawai na ƙaru da shi: kafin in yanka kaza, zan fara tambaya ko mara lafiyar na da rai.