Ɗan Kallon Kokowa Bisa Gadon Kara

Wani ne a Tsibiri, zamanin Nasara, Allah ya yi shi da son kallon kokowa da ƙin tafiyar ƙasa. Bayan girbi sai ya ji za a yi babbar kokowa a Maraɗi. Jaki ba shi da shi, ƙafa kuwa ya ce ba da tashi ba.

To, a garin akwai ƙungiyar masu neman lada, Inna Baturiya ce uwarsu. Duk wanda ciwo ya kayar, samarinta su ɗora shi bisa gadon kara su kai shi gidan likita a Maraɗi, ba su baro shi sai anfirme, wato malamin asibiti, ya duba shi. Mutumin ya ce a ransa, "Ga jakina nan."

Ranar kokowa ya kwanta ƙofar gida yana nishi. Inna ta iso.

"Subhanallahi! Ɗana, ina ke ciwo?"

"Ko'ina, Inna."

"Tanimu! Abdu! Ku kawo gado."

Suka ɗauke shi. Yana sama yana shan iska, har da cewa, "Ku bi sannu, bayin Allah, kuna girgiza mara lahiya."

Suna shiga Maraɗi ya jiyo ganga. Ya tashi zaune.

"Alhamdu lillahi, na ji sauƙi. Ku aje ni nan."

Inna ta ce, "Irin sauƙin nan marigayi mijin Lami ya ji, bai kwana ba. Ku danne shi!"

Ganga ta ƙara zafi, kafaɗunshi suka shiga rawa da kansu.

Inna ta ce, "Kun gani ko? Ya fara fizge-fizge!"

Ta ɗaure shi da igiya. Suka wuce filin kokowa a guje, ana ta shewa, shi ko sai sama yake gani.

Anfirme, wani ƙato, ya ce, "Mi ke damun shi?"

Inna ta ce, "Ko'ina, in ji shi."

"Ko'ina? To."

Ya naɗe hannun riga. Ya ɗura mashi kinin, ya bi da man gelo mai sa zawo, ya juya shi ya soka allura. Mutumin ya ga in bai rage ciwon nan ba, ba ya fita da rai.

"Mushe, ranka shi daɗe, na tuna! Haƙori ne kawai."

"Wanne?"

Ya nuna wanda yatsa ya faɗa wa. Da ya hangi awartaki sai ya zabura ya nufi ƙofa. Anfirme ya cafko shi, ya sa mashi ƙafa, sai ga shi ƙasa tim. Ya hau ƙirjinshi ya zare haƙori lafiyayye.

Bisa gadon aka maido shi, yanzu kam da ciwon gaske, ana sauke shi gindin kowace sabara saboda man gelo.

Abokinshi da ya san dabarar ya zo gaisuwa, ya raɗa mashi, "Kai da ka je Maraɗi, wa ya yi kaye?"

Ya dafe kunci ya ce, "Anfirme. Kuma ko makaɗi ba shi da shi."