Manomin Tebur Ya Shiga Gona

Allah ya yi mana baiwa da ya ba mu Daraktanmu. Rahoto goma sha huɗu ya rubuta a kan noma, ƙasa ba ta taɓa ɓata masa takalmi ba. A gabansa Uban Manoma muke ce masa, a bayansa kuwa Manomin Tebur.

Ranar da aka kwashe mu ma'aikatan ofis zuwa wata tsohuwar gona don mu ga rayuwar karkara, kowa koyo ya je yi. Shi koyarwa ya je, da farar riga da mai ɗaukar hoto.

Gonar ta haura shekara ɗari, har yau da shanu ake huɗa. Dattijon da ke riƙe da ita ya nuna mana rumbu da rijiya, sannan ya tsaya a bakin wasu kunyoyi uku da aka kewaye da igiya. Ya ce geron kakansa ne, ba a samun irinsa a kasuwa. Gara ta cinye damin bara, cikin tafin hannu ya rage, shi ne ya shuka nan. In wannan ya mutu, irin ya ƙare. Darakta bai ji ba, yana gyara zaman hula.

Dattijo na juyawa ya ɗebo mana ruwa, sai gogan ya tsallake igiya.

"Matsalar manominmu lalaci ne. Ku dubi ciyawa. Ba ni fartanya, kai kuma mai hoto ɗauke ni ta gefen dama."

Kai, mun ga aiki. Duk siririn tsiron gero sai da ya kafta shi, ciyawa mai faɗin ganye kuwa ya tara mata ƙasa a gindi, wai ita ce mai lafiya. Cikinmu akwai 'ya'yan manoma, har da ni, amma wa zai gyara wa Darakta? Tafi muka yi. Wallahi har yau abin yana ci mini rai.

Dattijo ya dawo, ya ajiye bokiti a hankali, ya durƙusa yana tsince tsiron ɗaya-ɗaya.

"Ba sai ka gode ba, Baba," in ji Darakta yana haki. "Kunya biyu na gama. Mako mai zuwa zan dawo in ƙarasa maka ta ukun."

Dattijo ya dubi abin da ke hannunsa, ya dubi kunyar da ta rage.

"Ranka ya daɗe, kada ka wahalar da kanka. Turo mana fara kawai, ita ko saiwa takan bari."