Bencin Hammawa

"Ina gajiya, Yamusa? Ya iyali? To madalla... Tsaya tukuna, wa nake gani a rumfarka? Bawana ne ya tsere daga ruga?"

Lantana ke nan, ƙwaryar nono a ka, ta katse gaisuwarta da Yamusa kafinta don ta hango taubashinta Hammawa a sunkuye yana shafa wani benci kamar mai taya saniya. Ita 'yar namiji ce, shi ɗan mace, saboda haka tun suna bin maruƙa take kiransa bawanta, ga shi duk sun yi furfura ba ta 'yanta shi ba. Ran kasuwar Masaka ce, tsakiyar rani, zamanin ana ciniki da fam da sule.

Hammawa bai ko ɗago ba. Ya ce, "Yamusa, kori tsohuwar nan. Tsamin nononta zai fasa maka katako."

"Nonona ne ya raine ka, mara kunya. Me ka zo saya?"

"Abin zama."

"Kai ɗin? Tabarma ta yi maka laifi, ko sarauta aka ba ka ban ji ba?"

Abin da ya kawo Hammawa kuwa ba na dariya ba ne. Shekara sittin da ɗoriya bai taɓa mallakar abin da sa ɗaya ba zai ɗauka ba. Bana gwiwa ta ƙi. Matarsa Dada ta rasu da damina, 'ya'yansa suka kora shanu Binuwai, suka bar shi da bukka da saniya guda. In ya zauna a tabarma sai ya yi rarrafe zuwa turke kafin ya miƙe. Yau kwana tara bai yi magana da ɗan Adam ba, sai saniyar nan. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai, amma wallahi gara a yanka shi da ya faɗa wa Lantana.

Ta sauke ƙwarya ta dubi bencin, ta dube shi. "To in abin zama ne, ga kujera can ta mutum ɗaya. Me kai kaɗai za ka yi da benci? Aljanun rugarka za ka tara ka yi musu hira?"

"Sun fi ki daɗin hira. Su ba sa tsarma nono da ruwan rafi."

"Allah ya isa. Yamusa, faɗa masa kuɗin ya suma mu huta."

Yamusa mutumin Karu ne, Hausarsa ta kasuwa ce, amma itace kam ya san shi. Ya dafa bencin ya ce, "Wannan ja maɗaci ce, Baba. Fam ɗaya da sule biyar. Wancan fari, katakon rimi, sule shida."

Hammawa ya riƙe baki. "Fam ɗaya da sule biyar? Haihuwa yake yi? Ana tatsarsa?"

"Buɗe bakinsa ka duba haƙora," in ji Lantana, "tunda ba ka san cinikin komai ba sai na dabba."

Yamusa ya ƙwanƙwasa bencin da ɗan yatsa, ya ba da ƙara a dunƙule. Ya ƙwanƙwasa farin, ya yi kwal-kwal kamar fankon gwangwani. Ya kifa jan ya nuna musu inda ya huda ya cusa ƙafafu, babu ƙusa ko ɗaya. Ya ce shekara biyu katakon yana shan iska a inuwa kafin ya taɓa shi, ba zai tsage ba, gara ma in ta ɗanɗana ɗaci komawa take yi.

"Ka ji," in ji Lantana. "Gara ba ta cin sa. Kai kuwa ta fara ci tun daga gwiwa."

"Ke ai ɗacinki ya fi na maɗaci, shi ya sa har yau ba abin da ya taɓa ki."

Hammawa ya kama gefe ɗaya zai ɗaga. Ya yi nishi, bencin ya ce bai san zance ba. Ya saki yana haki. "Yamusa, ji tsoron Allah. Wannan ko sa biyu ba za su kai shi zango ba. Kayan da ba ya ɗaukuwa ne za ka sa wa tsada? Ai ragi za ka yi mini saboda nauyin."

Yamusa ya yi dariya har da riƙe ciki. "Baba, nauyin ne kuɗin."

"A wurinmu nauyi aibu ne."

"Ɗaukarsa za ka yi ka je ina?" in ji Lantana. "Kai da tafiya ai kun yi sallama. Sayi mai nauyin, marowaci, ku zauna wuri ɗaya ku biyu."

Maganar ta shige shi. Ya dubi titin Keffi, inda wani garke ke tsallakawa kudu. Ita ma ta ji ta yi nisa, sai ta yi maza ta zauna a ƙarshen farin bencin. "Zo ka gwada na talakawa, bawana. Zauna can, kada ka shafa mini tsufa."

Ya zauna a ɗaya ƙarshen, ya miƙe ƙafa. "Ba laifi. Wannan ya san girman mutum."

Lantana ta miƙe zumbur. Benci ya ɗaga ƙafa sama, sai ga Hammawa a cikin garin katako, malafa can, sanda can.

"Kin kashe ni, mayya."

"Da sauranka. Tashi mu gwada jan."

Yamusa ya ɗaga shi ya kakkaɓe masa riga. Suka zauna a kan na maɗacin, ita nan, shi can. Ta sake miƙewa zumbur. Ko motsi bencin bai yi ba.

"Ka gani, Baba?" in ji Yamusa, yana murna da aikinsa. "Abin da za ka biya ke nan. Wancan fari sai da mutum biyu. Wannan kuwa, ko kowa ya tashi ya bar ka kai kaɗai, ba za ta kayar da kai ba."

Bawan Allah, da zuciya ɗaya ya faɗa. Hammawa ya dubi tsawon katakon da ke gefensa, ja, sumul, ba kowa a kai. Ya shafa shi a hankali. Ya sa hannu a aljihu ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Gaskiyarka. Kuɗinsa ne. Irina aka yi wa shi."

Lantana ta tsaya tana kallonsa. Duk ran kasuwa ta bayan rugarsa take yankewa don ta riga sauran mata samun inuwa, ba ta taɓa leƙawa ba tun sadakar arba'in ɗin Dada. Kunya ta kama ta. Ta buge masa hannu.

"Mayar da kuɗinka. Yamusa, ba shi farin."

"Yanzu kika gama ce mini marowaci."

"Na fasa. Bawa ba ya zama a kan maɗaci."

"Shi da ya kayar da ni a gaban jama'a? Wa zai danne mini ɗaya gefen, saniya?"

"Ni mana. Zuwa kasuwa da dawowa, kai har ranar da babu kasuwa in na ga dama. Ba don kai ba, kada a ce bawana ya mutu a ƙarƙashin benci."

Hammawa ya gyara zaman malafarsa. "Gara za ta cinye shi kafin damina biyu."

"In ta cinye sai ka sayi wani."

"Kuma in kin tashi fa?"

"Sai in ce maka riƙe."

Ya fashe da dariya, irin wadda rabonsa da ita tun damina, har hawaye ya zubo, ya bar shi ya zuba tunda akwai abin fakewa. Ta ɗebo fura da nono a ludayi ta miƙa masa. Ya kurɓa ya ce akwai ruwan rafi a ciki, ya shanye tas.

Da za su tafi, Yamusa ya ce zai sa a kai masa bencin. Hammawa ya ce a bar shi. Ya kama gaba, Lantana ta ɗora ƙwarya a ka ta kama baya.